Namijin Zuma Ba Shi Da Uba

A kwarin Bohinj, makon da ƙanƙara ta saki kafaɗar dutse
ta gangaro kogi tana guna-guni,
na buɗe amya ta bakwai, mai shuɗiyar ƙofa,
wadda Zdenka ta shafa wa fenti shekarar da ta rasu.
Lovro yana riƙe mini gwangwanin hayaƙi,
hular raga ta haɗiye shi har haɓa.

Takarda ce a aljihunsa, daga makaranta:
an zana itace, kowa ya cika rassan danginsa.
Reshen hagu ya yi nauyi da sunaye.
Na dama fayau.
Bai ce uffan ba, ni ma ban tona ba.

Na zaro saƙa guda, na ɗaga ta ga rana.
Na ce, dubi ɗakunan nan masu kumburin murfi,
sun fi sauran faɗi. Maza ne a ciki.
Sarauniya ta tashi sama tun da ƙuruciyarta,
ta karɓi irin maza, ta adana a jiki
kamar mai ajiyar gishiri a tulu.
In ta iso ƙaramin ɗaki sai ta ɗiga wa ƙwai kaɗan,
mace ta fito, ma'aikaciya,
kowace ƙwayar jikinta da zaren gado talatin da biyu,
sha shida na uwa, sha shida na uba,
ƙafa da ƙafa, kamar takalma a bakin ƙofa.
In ta iso babban ɗaki sai ta toshe tulun,
ta ajiye ƙwai tsurarsa.
Sha shida ke nan. Wari-wari.

Polona, 'yata, da ke awon jini a asibitin Ljubljana,
ta san sunayensu na littafi,
mai wari hafloyid, mai cikakkiyar ƙafa difloyid.
Harshena bai taɓa sabawa ba.
Tilo da tagwai nake cewa, zuma kuma ba ta taɓa gyara mini ba.

Na ɗora masa namiji ɗaya a tafin hannu,
ƙato, mai idanu kamar goro biyu, marar ƙari.
Ya yi ta yawo a kan layukan tafinsa.
"Ba shi da uba?"
"Ba shi da shi.
Amma uwarsa 'yar wani ce, don haka yana da kaka."

Ya dube ni ta cikin raga, ya daɗe.
"To ni ma sha shida ne?"

Da na ce e, da ya yi barci da daɗi.
Hayaƙi ya shiga idona, na bar shi ya ɗauki laifin.
Na ce a'a, kai arba'in da shida ne.
Ashirin da uku daga Polona,
a cikinsu akwai nawa, cuɗe da na kakarka,
ba mai iya tsince su kamar tsakuwa a wake.
Ashirin da uku daga mutumin da ya hau jirgin ƙasa zuwa Trieste
da jaka ɗaya, bai waiwayo ba.
Ya tafi da kwat ɗinsa, da agogonsa,
amma rabin nan bai iya kwashewa ba.
Kunnuwan nan nasa ne.
Wata rana jikinka zai raba nasa gida biyu,
ya miƙa wari, ya jira wani wari daga wata,
kai ma ba za a tambaye ka wanne ya tafi ba.

Ban faɗa masa abin da ke samun mazan zuma da kaka ba,
sa'ad da furanni suka ƙare
'yan'uwa mata suka ja su da fiffike zuwa waje.
Shekararsa takwas. Akwai lokaci.

Namijin ya tashi, ya yi wajen itatuwan lifa.
Lovro ya ari fensirin da nake rubuta kwanan wata a murfin amya,
ya shimfiɗa takardar a gwiwa,
a kan busasshen reshen ya rubuta 23,
ya danna har bakin fensirin ya karye.
Sannan ya ce yunwa yake ji,
ko akwai sauran burodin jiya.